Ranar da Banki Ya Zo Ganin Shanun Dabo

A Kutama ba a cika cewa an ga Dabo ba. An fi cewa an ga wucewarsa. Ko a masallaci, liman yana sallama za ka ga idonsa ya riga ya kai bakin ƙofa wurin takalmi. Tsofaffi sun ce gado ne. Kakanninsa makiyaya ne, kuma da suka sauke kaya suka kama noma, ba wanda ya tuna ya gaya wa ƙafafunsu cewa an iso.

Shi kansa bai yi kiwo mai tsawo ba. Ya bi shanu yana yaro, aka sa shi firamare, ya shiga sakandare a Gwarzo ya bar ta a tsakiya saboda, a cewarsa, zaman ya yi yawa. Ya yi yaron mota, ya sayar da fetur a kwalba, ya yi faci a bakin titi. Abin da ya tsayar da shi ga sana'a ɗaya shi ne wani tsohon injin sussuka da ya saya a hannun mutumin da ya gaji da shi. Ya ɗora shi a amalanke, ya riƙa aron shanun huɗar maƙwabcinsa Nata'ala suna ja masa, yana bin gonaki da kaka. Ya ɓare masara, ya sussuke dawa da gero, a auna masa ladansa da kwano daga kowane buhu. Shekara da shekaru haka. Mata suka huta da sandar bugu, maza suka daina fargabar barin dami a gona. Sunansa ya koma Dabo Mai Inji, har katin ɗaurin aure da haka ake rubuto masa.

A kakar bara, ana tsakiyar dawa, injin ya buga. Bakaniken da aka ɗauko daga Gwarzo ya buɗe cikinsa, ya leƙa, ya mayar ya rufe, ya yi wa Dabo gaisuwa irin wadda ake yi a gidan rasuwa.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙarfe ba. A Kabo akwai wani Muntari mai sababbin injina, wanda ya daɗe yana kallon gonakin Kutama yadda ake kallon tuwon maƙwabci. Kuma manomi ba ya jira. Idan masararsa ta bushe, duk wanda ya zo da inji shi ne mai inji, in kuma ya ji daɗin aikin, baɗi ma shi zai kira. Saboda haka Dabo ya san cewa in bai tsayar da sabon inji ba kafin masarar bana ta bushe, sunan zai rage masa, gonakin su tafi.

Ba wai ba shi da komai ba ne. Mahaifinsa ya bar masa shanu, suna cikin garken gida a hannun ƙanin mahaifin, Baffa Jibirin. Dabo ya je ya durƙusa ya ce yana so a fitar da wasu a kai kasuwa.

Baffa ya dube shi ya ce, "Aure za ka ƙara?"

"A'a, Baffa."

"Wani ne ba lafiya?"

"Kowa lafiya."

"To Makka ce ta kira?"

"Inji zan saya."

"Saniya tana haihuwa," in ji Baffa. "Naka injin ya taɓa haihuwa?"

"Ya ciyar da gida, Baffa."

"Ya ciyar, ya mutu, ko fatarsa ba a jeme ba. Tashi ka ba ni wuri."

A gidansu dalilan sayar da saniya uku ne, kuma Baffa ya riga ya lissafa su. Dabo ya tashi, abin da dama ya fi iyawa.

A rediyo ya ji labarin wani ƙaramin banki a Gwarzo mai taimakon masu ƙananan sana'o'i. Abin da ya ja hankalinsa shi ne babu kuɗin ruwa. Bankin ne zai sayi injin, ya sayar maka da 'yar riba, ka riƙa biya a hankali. Washegari yana bakin ƙofarsu kafin mai shara ya gama.

Aka haɗa shi da wata Madam Pamela, 'yar Filato, wadda ta daɗe a Gwarzo har ta iya ciniki a kasuwa ba a cuce ta ba. Ta saurare shi yana magana a tsaye, ta nuna masa kujera, ya zauna a bakin kujerar kamar mai shirin gudu.

"Sana'arka mai kyau ce, Malam Dabo," ta ce. "Sai maganar jingina. Kana da gona?"

"Sosai."

"Da takarda?"

"Madam, kowa ya san tamu ce. Daga tsamiya har kwari."

"Banki bai san tsamiya ba. Gida fa?"

"Kakana ya gina shi."

"Ya bar takarda?"

"Ya bar gidan dai."

Ta tambaya ko yana da ma'aikacin gwamnati da zai tsaya masa. Ma'aikacin da Dabo ya sani malamin firamare ne guda, wanda ya riga ya tsaya wa rabin unguwa, har ya fara canza hanya in ya hango mai murmushi. Sai Madam ta ce, "Dabbobi fa?"

Dabo ya gyara zama, ya ce yana da shanu a garken gida. Ta ce yanzu ana karɓar shanu a matsayin jingina. Ba za a ɗauke su ba, suna nan a turkensu. Za dai ta zo ta gan su da idonta, ta ɗauki hoton kowace, a maƙala mata lamba a kunne.

"Yaushe za ki zo, in shirya?"

"Shi ne ba zan faɗa ba. Ka'ida ce. In mun faɗi rana, mutane aro suke yi. Akwai wani firji da na gani a shaguna daban-daban a garin nan, har na fara gaishe shi."

Ya rage wa Dabo ya sanar da Baffa. Amma maganar cewa wata baƙuwa za ta zo ta ƙirga shanu ta huda musu kunne ba magana ce da ake jefa wa dattijo a tsaye ba. Sai an zauna, an gaisa, an bi lafiyar kowa har jikoki, an dama fura an sha, an taɓa maganar damina, sannan a lallaɓo ta gefe. Dabo ya je da wannan niyya ba sau ɗaya ba. Bai taɓa kaiwa ƙarshen furar ba. Kullum sai ya tuna akwai wanda zai gani a tasha, ya ce gobe.

Ranar da Madam ta zo, yana Kabo. Ya je wai wucewa yake, ya tsaya a rumfar Muntari yana duba injina da gefen ido yana tambayar inda aka sayo su.

Ta zo a kan acaɓa, da hular rana da riga mai rubutu a baya, da waya a hannu. A bakin gari ta tambayi wasu masu dawowa daga gona inda shanun Dabo suke. Suka nuna mata doguwar hanya, labari ya bi gajera.

Baffa Jibirin ba ya buƙatar a yi masa bayani. Yana saurayi ya sha kora shanu cikin daji in an ce masu jangali sun shigo ƙasa. An daina karɓar jangali tun kafin a haifi Dabo, amma ba wanda ya zo ya ce masa an daina har abada. Ban da haka, a shekarun nan an sha jin garin da baƙo ya shiga yana tambayar yawan shanu, bayan kwana kaɗan aka wayi gari babu su. Ya ba da umarni a taƙaice. Kafin acaɓa ya gama zagaye, garken ya haye rafi ya shige bayan gonakin dawa.

Madam ta tarar da dattijo a kan buzu yana jan carbi, ga fili a share, ga turaku a jere ba kowa. Suka gaisa. Ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida, ya sake tambayar gajiya.

"Baba, shanun Dabo na zo gani."

"Wane Dabo?"

"Mai inji."

"Allah sarki," in ji Baffa, ya girgiza kai. "Yaron kirki. Sai dai ko kaza ba shi da ita."

Ta dubi ƙasa. "Wannan kashin shanun fa, Baba? Ko bushewa bai yi ba."

"Na masu wucewa ne."

"Suka wuce suka ɗaure kansu a turke?"

"Duniya ce, 'yata. Me ba a gani?"

Maƙwabta suka taru, kowa ya ba da tasa gudummawar. Wani ya ce tun rasuwar uban aka sayar da komai. Wani ya ce ciwon huhu ne ya share su. Wata tsohuwa daga bayan danga ta ce in ba don ana taimaka masa da tsaba ba, da iyalinsa sun kwana da yunwa. Duk cikin ƙauna aka yi. Ba a taɓa haɗuwa an yi wa mutum shaida da zuciya ɗaya haka ba a Kutama.

Amma baƙo baƙo ne. Kafin ta tashi aka kawo mata ƙwarya cike da nono mai kauri, sabon tatsa. Ta sha, ta yaba, ta tambayi inda aka samo.

"Allah ke bayarwa," in ji Baffa.

Da Dabo ya dawo da la'asar, Baffa ya aika aka kira shi. Fuskar dattijon tana haske.

"Yau mun rufa maka asiri," ya ce. "Wata ta zo da waya. Ba ta ga ko jela ba."

Ba a ɗaga wa Baffa murya. Dabo ya ce an gode, Allah ya ƙara girma. Ya fita ya zagaya gidan, ya je rafi ya dawo, ya hau babur ya kai rabin hanyar Gwarzo, ya tuna an tashi daga aiki, ya juyo.

Da safe Madam ta tare shi da cewa, "Malam Dabo, sannu da talauci. Ban san abin ya kai haka ba."

"Madam, wallahi..."

"Na sani. Na sha nonon. Amma abin da na gani shi na rubuta, ba abin da na sha ba."

Ta ce za ta nemi izinin komawa, sai dai izinin daga Kano yake fitowa. Daga nan Dabo ya zama ɗan hanya. Safe yana banki, rana yana Kabo yana tambayar ko farashi ya tashi, yamma yana gonakin mutane yana ɓare bawon masara yana danna ƙwaya da farce. Da farko ruwa ke fita kamar madara. Bayan wani lokaci farcen ya fara shiga da ƙyar. Mai gadin banki ya daina tambayarsa wurin wa ya zo. 'Yan acaɓa suka fara yi masa ragi.

Da izinin ya fito, Madam ta karya ka'ida ta gaya masa ranar a hankali, ta ƙara da cewa wani jami'i zai biyo ta daga babban ofis, tunda rahoto na farko ya ce babu, kuma ba a canza babu zuwa akwai da sa hannun mutum ɗaya.

A wannan karon Dabo ya zauna ya shanye furar. Baffa ya saurara har ƙarshe. Abin da ya fi damunsa ba injin ba ne. Baƙuwa ce ta zo da alheri, ya yi mata ƙarya a kan buzunsa, da carbi a hannu, kuma ya zubar da mutuncin ɗan wansa a gaban hukuma.

"Je ka," ya ce. "Ni na ɓata, ni zan gyara."

Da Dabo ya tsaya ya tambayi yadda za a gyara, da wataƙila labarin ya canza. Amma ya riga ya miƙe.

Baffa gayya ya kira. Ya aika wa dangi a ƙauyen Jama'a, ya aika wa surukai, ya aika wa duk wanda ya taɓa cin tuwon gidan, cewa ranar kaza kowa ya koro abin da yake da shi, za a wanke sunan Dabo. Aka amsa, domin irin wannan kira ba a ƙinsa.

Da motar banki ta tsaya, filin bayan gari ya yi fari fat. Ƙaho ko'ina, har kan hanyar rafi. Madam ta fito, ta rufe ido ta buɗe. Jami'in, wani Malam Sharfaddeen, mutum mai sanyin magana, ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Takarda ta ce ba shi da ko kaza," ya ce. "Ni kuma kasuwar shanu ta Wudil nake gani. Baba, waɗanne ne nasa?"

"Duka," in ji Baffa.

"Duka?"

"Har da waɗanda ba su iso ba."

"To a ɗan nuna mana su ɗaya-ɗaya mu ƙirga."

Baffa ya kawar da kai. A gidansu ba a nuna saniya da yatsa, ba a kuma faɗin yawan garke, domin abin da aka ƙirga ido ya faɗa masa. Ya yarda a gani. Ƙirga kuwa sai dai su yi a zuci, kada ya ji.

Malam Sharfaddeen bai yi fushi ba. Ya ce shi ma a ƙauye ya tashi, ya san abu ɗaya: saniya ta san mai ita. Malam Dabo ya shiga ya kira nasa, waɗanda suka fito su za a sa wa lamba.

Dabo ya shiga tsakiyar fili. Ya yi gyaran murya, ya yi irin kiran da ya koya yana yaro, ya bi da sunaye. Sunayen daidai ne, sai dai masu su sun daɗe da mutuwa. Waɗanda ke gabansa jikokinsu ne, kuma ba su san shi ba sai a matsayin mutumin da ke wucewa a kan babur yana warin man gas. Ba wadda ta ɗaga kai. Ya sake kira da ƙarfi. Wata ta dube shi, ta ci gaba da tuƙa.

Can sai garken ya motsa. Manyan bijimai biyu suka ratso a hankali, suka zo suka tsaya a gabansa, kafaɗa da kafaɗa, suna jiran a ɗora musu karkiya. Shekaru suna ja masa amalanke, sun san muryarsa ko cikin barci.

"Madalla," in ji Malam Sharfaddeen. "Madam, kawo lambar."

Ta fito da abin hudawa mai kama da filaya. Sai aka ji ihu daga bayan taro.

"Kai! Kai! Waɗannan nawa ne!" Nata'ala ne yake kutsowa, hularsa a hannu. "An ce mu kawo a gani, ba a ce mu kawo a rubuta ba! Da su nake huɗa, jama'a!"

Daga nan kowa ya tuna yana da uzuri. Mutanen Jama'a suka ce hanyarsu da nisa. Surukai suka ce lokacin shayarwa ya yi. Aka riƙa zare shanu kashi-kashi, cikin ladabi, kowa yana yi wa Baffa sallama. Ba a jima ba filin ya koma ƙasa da kashi, sai 'yan tsiraru a gindin turakunsu, suna kaɗa jela. Waɗannan su ne na gidan, kuma cikinsu akwai na Dabo, kamar yadda ya faɗa tun ranar farko. Amma Malam Sharfaddeen ya riga ya koma mota yana amsa waya.

Madam ta tsaya ta ɗauki hotonsu duk da haka. Ta ce za ta rubuta bayani ta haɗa. Dabo ya tambaye ta yaushe za a ji.

"Yanzu rahoto biyu ne, kowanne yana ƙaryata ɗaya," ta ce. "Za su duba."

Suna cikin dubawa masara ta bushe. Manoma suka fara zuwa gidan Dabo da yamma, su gaisa, su yi ta kewaye-kewaye, su tafi ba su faɗi abin da ya kawo su ba. Ba wanda yake so ya zama na farkon kiran Kabo, ba kuma wanda yake so gara ta riga shi.

Muntari ya sauƙaƙa musu. Ya zo da kansa, ya sami Dabo a ƙofar gida yana kai da kawowa.

"Mai Inji! Ina injin?"

"Yana hanya."

"Daga China? To kafin jirgin ya iso, ina da ɗaya a zaune ba mai riƙe shi. Mutanenka kuma kunyarka suke ji, sun ƙi kirana, hatsinsu zai lalace. Ka riƙe min shi a nan. Ladan ya zama nawa, kai kuma in sallame ka kullum."

"Ni zan yi maka yaron inji, Muntari?"

"Wa ya ce yaro? Manaja."

Dabo ya ce zai yi tunani. Ya yi tunanin a kan hanyar Gwarzo, inda aka ce masa har yanzu ana dubawa, wataƙila sai bayan sabuwar shekara. Ya dawo ta gonar wani tsoho, ya ga an tara masara a ƙasa an rufe da buhuna, ga hadari yana haɗuwa a gabas. Dare bai yi ba ya aika wa Muntari cewa a kawo.

Aiki ya yi kyau a kakar nan, ba wanda zai ce ba haka ba. Sabon inji ba ya tsayawa, kuma Dabo ya san gonar kowa, ya san wanda zai fara da wanda zai iya jira. Mutane suna ta cewa injin Dabo ya iso, injin Dabo ya wuce. Kwanukan lada kuwa kowace yamma ana ɗinke su a buhu a ɗora a mota mai zuwa Kabo.

Da aka gama dawa, Muntari ya zo ɗaukar kayansa. Ya ce ba zai kyautu ya tafi bai gaisa da mutanen da suka ba shi aiki ba, yana so ya bi su gida-gida, ya yi godiya, ya bar musu lambar wayarsa saboda baɗi. Sai dai bai san gidajen ba. Baƙo kuma ba ya yawo shi kaɗai a gari alhali yana da mai masauki.

Dabo ne ya shige gaba, yana sauri kamar kullum, yana yi masa sallama a kowace ƙofa.